Yadda Nura Ya Ci Kuskus a Gaban Surukinsa

Tun da muka dawo daga Birmingham ban huta ba. In na shiga shagon nama a Rusholme sai a tare ni, "Hajara, yaya aka ƙare da mutanen Maroko?" In na hau bas zuwa makaranta, wata za ta matso kusa da ni da tambayar nan. Har daga Katsina ana kirana, wai an ji Nura ya je neman aure an koro shi. Bakina ya gaji, shi ya sa na zauna na rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa. Ba a koro kowa ba. An dai kusa, kuma a kan abinci ne.

Ga wanda bai san mu ba, Nura ɗan gwaggona ne, abokin wasana, na girme shi nesa ba kusa ba. Na riga shi zuwa Manchester karatu, da ya iso kuwa gwaggo ta damƙa mini shi ta waya kamar an ba ni kiwon akuya. A jami'a ya haɗu da Salma, mai karatun haɗa magunguna. A Birmingham aka haife ta, amma iyayenta mutanen Maroko ne, daga wajen Fas. Yaron da ko ruwan zafi bai iya dafawa ba, sai ga shi yana yi mini lacca a kan na'a-na'a. Da magana ta yi nisa, mahaifin Salma ya ce a kawo masa Nura ranar Juma'a, a ci abinci tare. Salma ta ja ni gefe ta ce tsohon bai so zancen ba tun farko. In ya ga Nura bai kwanta masa a rai ba, magana ta mutu, don ita ba za ta yi auren da babanta bai sa wa albarka ba.

Irin wannan wuri ba a zuwa babu babba. Babbanmu a Withington shi ne Baba Bitrus, maƙwabcinmu, mutumin Kafanchan, wanda ya shekara da shekaru yana tuƙa bas a Wilmslow Road. Dattijon coci ne, amma duk ɗalibin arewa da ya sauka unguwar nan ya ci tuwon matarsa, Mama Rifkatu. Da na roƙe shi ya raka mu, ya ce, "Wa kuke da shi a garin nan in ba ni ba? Zan ɗauki off, 'yata. Ku dai ku shirya da wuri, motorway ɗin nan ba ta da amana."

Ana gobe tafiya gwaggo ta kira ni. Ta ce, "Hajara, ki ja masa kunne. Ya durƙusa ya gaida mutane, ya sunkuyar da kai, kada ya kalli uban yarinya ido cikin ido. Kuma ko me aka kawo, kada ya kuskura ya sa hannu. Ban yarda a ce ɗana ya je gidan surukai ya buɗe ciki ba." Na ce to. Babu wanda ya ga abin mamaki a cikinmu, don a gida ma ai ana kawo wa mai neman aure abinci, 'yan rakiya ne ke cinyewa, shi nasa kunya. Ita kuma Salma bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa akwai wanda za a ce wa zo ka ci abinci, ya zo ya ƙi ci.

Da safe muka shiga tsohuwar motar Baba Bitrus, wadda ƙofarta ta baya sai daga waje take buɗuwa. Mama Rifkatu ta cika mana kula da waina da miyar taushe. Ta ce da Nura, "Ka cika cikinka tun a hanya, kada ka je cikinka ya riƙa kuka a gaban mutane." Nura kuwa ya ɗauki maganar da gaske. Kafin mu bar Manchester a baya ya yi wa kular nan mummunan ɓarna, ni da na samu guda biyu ma sai da na yi faɗa.

Ana ta yayyafi, ana gyaran hanya, muka shiga goslo. Muna ciki saƙon Salma ya shigo: kun taho da sukarin? Ashe a wurinsu mai zuwa neman aure da sukari yake zuwa, wani dunƙulalle mai tsini kamar an kife mazurari, a nannaɗe cikin takarda. Ta gaya wa Nura tun tuni, shi kuma ya ɗauka wasa take yi. Mu da muka sha wuya muka nemo goro mai kyau, fari da ja, da dabino da turare, ashe mun bar babban abin. Muka tsaya a wurin shan mai, babu sukari sai 'yan ƙananan ƙunshin nan da ake ajiye wa masu shan kofi. Baba Bitrus ya fara ɗiba yana cusawa a aljihun babbar riga. Na ce, "Baba, don Allah, aure muka zo nema." Ya mayar yana gunaguni, wai duk sukari sukari ne.

A unguwar Edgbaston ta Birmingham muka ɓata, muka yi ta kewaya wani ƙaton asibiti har mai gadin ƙofa ya fara ɗaga mana hannu. Da ƙyar muka riski Juma'a a wani masallaci kusa da jami'a, Baba Bitrus yana cikin mota yana sharar barci. Daga nan muka sayi sukari na leda, irin wanda kowa ke zuba wa shayi, muka nufi gidan.

Wasu na tambayata ko mun tsallake boda. Babu boda tsakanin garuruwan biyu, amma ni dai na san daga bakin ƙofar gidan nan Ingila ta ƙare. Ɗan ƙaramin gida ne a bayan layin dogo, daga waje ba shi da bambanci da na maƙwabta. Ana buɗewa ƙamshin kirfa da albasa ya buge mu. Mahaifiyar Salma, wadda suke kira Lalla Na'ima, gajeriya mai fara'a, ta rungume ni ta yi ta sumbatata a kumatu, dama da hagu, duk lokacin da na ce an gama sai ta ƙaro. Mahaifin, Si Idris, dogo ne siriri cikin jallabiya mai hula a baya. Ya rungumi Baba Bitrus, ya juyo ya miƙa wa Nura hannu, sai ya ga babu kowa. Nura ya riga ya zube ƙasa yana gaisuwa. Tsohon ya sunkuya a firgice yana tambaya ko jiri ne ya ɗebe shi.

Falonsu kujeru ne dogaye manne da bango ko ta ina, da matasai jibge, da tebur mai zagaye a tsakiya. Si Idris da kansa ya haɗa shayi. Ya cusa na'a-na'a a buta har sai da murfin ya ƙi rufuwa, ya ɗaga butar sama can yana tsiyayowa cikin ɗan kofi, ko ɗigo bai zuba a ƙasa ba. Baba Bitrus dai ya janye ƙafafunsa. Zaƙin shayin nan ya sa na gane dalilin da ya sa ake zuwa musu da sukari. Da muka fito da namu na leda, Lalla Na'ima ta yi dariya har da riƙe ciki, ta rungume shi a ƙirji. Sai aka zo kan goro. Si Idris ya ɗauki fari ya gatsa da ƙarfinsa. Na ga fuskarsa ta bi ta wurare da dama kafin ta dawo. Ya haɗiye, ya tambaya cikin ladabi, "Maganin mene ne wannan?"

Da Turanci ake hirar, shi da Baba Bitrus, kuma nan da nan suka saba. Si Idris ya ce yana saurayi ya zo ƙasar, ya yi aikin masana'anta har ta rufe. Daga baya ya zama mai kula da wani zaure na unguwa, inda 'yan Maroko ke taruwa ranar Juma'a, mata su kawo kuskus, yara su koyi Larabci. Da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu aka rufe zauren, aka karɓi makullan daga hannunsa. Baba Bitrus ya girgiza kai ya ce, "Haka council ta yi mana da library ɗin unguwarmu." Si Idris ya ce yanzu aikinsa shi ne noman na'a-na'a a ɗan lambun da ke bayan ɗakin girki. Da dariya ya faɗa, amma dariyar ba ta kai ido ba. Nura yana can ƙarshen kujera, kai a ƙasa, ko kofin shayinsa bai taɓa ba.

Ni na gudu ɗakin girki, don can ne hankalina yake. Ina shiga na ga madambaci a kan wuta. Na farin ƙarfe ne mai hawa biyu, miya a ƙasa, tsaki a sama, amma madambaci ne. Ashe kuskus na gaskiya ba wannan na kwali ba ne da muke zuba wa tafasasshen ruwa mu rufe. Lalla Na'ima ta juye shi cikin ƙaton faranti yana tururi, ta yayyafa ruwa da mai, ta sa tafukanta tana murzawa har kowace ƙwaya ta rabu da 'yar'uwarta, ta mayar kan wuta. Can ta sake saukewa ta sake murzawa. Na ce da Salma ta gaya mata haka mahaifiyata ke yin dambu. Na nannaɗe hannun riga na sa hannu, zafi ya sa na yi tsalle, ita kuwa ko a jikinta. Na gwada mata Larabcina na Islamiyya, ta saurara da kyau, sannan ta ce wa Salma ina magana kamar mai huɗuba. Ta buɗe wata kwalba ta kai mini hanci, man shanu ne da aka ajiye ya tsufa da gishiri. Salma ta toshe hanci, ta ce ƙawayenta Turawa guduwa suke yi. Na ce wanda ya tashi da daddawa ba ya gudun wannan. A ɗakin girkin nan na ji kewar gida ta kama ni, kuma na ji daɗi a lokaci guda.

Aka zagayo da buta da tasa kowa ya wanke hannu. Sannan aka shigo da farantin, mutum biyu ke riƙe da shi. Kuskus ya yi tudu, kabewa da karas da kabeji sun kwanta a jikinsa, naman rago a tsakiya, an lulluɓe shi da albasa da zabibi. Abin da ya fara ba ni mamaki, maza da mata, uba da 'ya, duk faranti ɗaya. Salma ta raɗa mini dokar: kowa ya ci gabansa, naman tsakiya kuma sai mai gida ya raba. Si Idris ya yi bisimilla ya ce, "Kul," wato ci. Yana dunƙula loma a tafin hannu ɗaya, ya girgiza ta ta zama kamar ƙwai, ya jefa a baki. Baba Bitrus ya gwada, rabi ya tafi cikin hannun rigarsa, ya nemi cokali ya kama aiki.

Nura ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa. Si Idris ya ce, "Kul." Nura ya ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi." Tsohon ya yago nama mai taushi ya tura gabansa. Nura ya ƙara sunkuyar da kai ya yi godiya. Aka ƙara turo wani, aka ƙara. Nama ya taru a gaban yaron nan, gefen kowa yana ramewa, nasa yana nan yadda aka kawo shi. Ni kuwa ina ta cin abina ina jin alfahari, ina cewa a raina gwaggo ta yi tarbiyya. Ban lura hira ta mutu ba sai da Si Idris ya goge hannunsa a hankali, ya tashi, ya fice ta ƙofar lambu. Lalla Na'ima ta ajiye cokalinta.

Salma ta ja ni ɗakin girki, idonta ya cika. Da Turancinta na 'yan Birmingham ta ce, "Yaya Hajara, me yake yi haka? Tun asuba Mama take tsaye a kan abincin nan. A wurinmu in baƙo ya ƙi cin abincinka, ya gaya maka ke nan ba ya son wata alaƙa da kai. Kuma tun da aka karɓe makullan nan Baba yake ganin kowa raina shi yake yi. Yanzu yana can yana cewa ɗan jami'a ya ƙyamaci abincin gidan wanda ba shi da aiki. Ya gama yanke hukunci, na san shi."

Na ce, "Salma, wallahi girmama shi yake yi. A wurinmu mutum ba ya cin abinci a gaban surukinsa. Uwarsa ce ma ta yi masa kashedi daga Katsina. Da ya raina babanki, da tuni ya cinye naman nan ya nemi ƙari."

Lalla Na'ima ta shigo, Salma ta fassara mata. Matar nan ta dube ni, ta dubi 'yarta, ta dafe ƙirji. Ta tambaya, to mazan ƙasarku da me suke rayuwa in sun je gidan iyayen matansu? Na ce da yunwa. Ta fashe da dariya har da hawaye, ta yafa gyale ta bi mijinta lambu. Na leƙa falo na ga Baba Bitrus bai daina ci ba. Daga baya da na yi masa ƙorafi ya ce, "Na ga magana ta lalace, na ce kada abincin ma ya lalace."

Si Idris ya dawo, bai zauna ba. Ya kama farantin ya juya shi, ya tura shi gaban Nura sosai. Ya ce, "Ɗana, an gaya mini. Kana ba ni girma irin na gidanku, ni ban gane ba. Ba zan sa ka saɓa wa mahaifiyarka ba, kuma ba za ka bar gidana da yunwa ba. Ka ci. Ni zan je in duba na'a-na'a, ba zan shigo ba sai ka gama." Ya ja hular jallabiyarsa ya fita.

Ruwan ya riga ya ƙaru a lokacin. Ta gilashin ƙofa muna ganinsa tsaye a tsakiyar ɗan lambun nan, ya juya mana baya, ruwa na sauka a kafaɗunsa. Mutumin da bai taɓa barin baƙo ya ci abinci shi kaɗai ba, ga shi ya bar falonsa ya fita cikin ruwa don ɗan wani ya ci. Na buɗe baki zan yi wa Nura magana, sai na ga ya riga ya miƙe. Ko takalmi bai tsaya sawa ba. Ya fita da safa, ya kama hannun tsohon da hannu biyu, muna jin sa yana cewa, "Baba, ba zan ci kana tsaye cikin ruwa ba. Ka zo mu ci tare."

Suka shigo a jiƙe. Si Idris ya zauna, ya ɗebo kuskus daga gabansa, ya dunƙula loma, ya ɗora nama a kai, ya sa a tafin hannun Nura. Nura ya yi bisimilla ya kai baki, kunnuwansa kamar za su kama da wuta. Lalla Na'ima ta kai hannu baki ta rangaɗa guɗa. Ashe su ma suna yi. Ni kuwa da aka san ni da guɗa a bikin unguwarmu, na ce ba za a bar Katsina a baya ba, na amsa mata da tawa har Salma ta ruga ta rufe taga saboda maƙwabta.

Sai dai fa akwai waina a cikin yaron nan tun daga Manchester. Duk naman da ya taru a gabansa sai da ya tashi da shi, Si Idris yana gefe yana cewa "Kul," Lalla Na'ima tana ƙaro romo. Ya dube ni da idon neman ceto. Na ce, "Ci, ɗan gwaggo, ai kai ka hana ni waina." Bayan an ɗauke faranti aka kawo lemo da tuffa, aka sake shayi.

Mun yi niyyar komawa a ranar, suka ce ba a yi haka ba. A nan na gane amfanin dogayen kujerun, ana jefa bargo sun zama gadaje. Da safe Lalla Na'ima ta soya wata gurasa mai falle-falle da ake ci da zuma, Nura ya ci ba tare da an roƙe shi ba. Da za mu tafi Si Idris ya riƙe hannun Baba Bitrus a bakin ƙofa ya ce, "Ka gaya wa mutanensa ina jiran kiransu." Ya ba Nura tukunyar na'a-na'a daga lambunsa. Salma tana bayan uwarta tana share ido da bakin gyale.

Mun hau babbar hanya ke nan wayata ta yi ƙara. Gwaggo ce. Nura ya ce, "Yaya, don Allah ki ce ina barci." Na ɗauka na sa yadda kowa zai ji. Bayan gaisuwa ta ce, "Ya durƙusa?" Na ce har ƙasa. Ta ce, "Bai dai ci komai ba ko?"

Na ce, "Ya ci, Gwaggo. A gaban uban."

Gwaggo ta saki salati. Na kwashe labari na gaya mata, da juya farantin, da tsayuwar tsohon cikin ruwa. Ta ce, "Cikin ruwa? Dattijo?" Na ce ƙwarai. Ta ce, "Shi ya ba shi?" Na ce da hannunsa ya dunƙula ya sa masa a hannu.

Muka ji tana jan hanci. Sannan ta ce, "To, ki gaya wa uwar yarinyar, ranar da 'yarta ta zo Katsina babu zancen kunya. Dambu zan yi, faranti ɗaya za mu ci, da hannuna zan ba ta. Ta zo da yunwarta."